Ranar da Aka Ɗora Lencho a Sikeli

Shekara talatin da ɗaya Doña Remigia ta yi tana tsintar gahawa a wani rumbu da ke bakin garin Matagalpa. A zube ƙwayar a gabanta, ta fid da baƙa da fasasshiya da wadda ƙwaro ya huda, ta bar ta gari. Ba a taɓa jin ɓatacciya ta wuce idonta ba. Da wannan idon kuma take komawa gida, shi ya sa samarin da ke neman 'yarta Yelba suka yi ta raguwa har ya rage saura ɗaya, shi ma don ba ya gane habaici ne. Mace ce ƙarama, busasshiya kamar kara, wadda in ta ce a'a ko limamin coci ba ya sake tambaya.

Mijinta Don Florencio, wanda kowa ke kira Lencho, rabon wasiƙu ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. A da ya san sunan kowane kare a unguwar. Sai gigin tsufa ya shigo ya soma yi masa ɗauki ɗai-ɗai: sunayen karnukan, sannan na masu su, sannan na matarsa. Wata takwas yana ce mata "baiwar Allah", cikin ladabi, kamar wadda ya tarar a ɗakin jiran asibiti.

Ƙafafunsa ne kaɗai ba su manta ba. Kullum ƙarfe tara sai ya zura tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda yanzu ta yi masa burum-burum, ya rataya jakar fata. Remigia ta cika masa ita da tsofaffin takardu, ya bi layin gida-gida, gida goma sha uku, ya dawo sha ɗaya. Da yamma maƙwabciyarta Chilo ta tattaro takardun ta miƙo ta kan katanga. A cikin awa biyun nan Remigia ke wanka a natse.

Yelba ce ta kawo maganar. Tana aikin jinyar wata tsohuwa mai irin wannan ciwon a Costa Rica, ta bugo waya ranar wata Lahadi.

"Mama, akwai wani tsarin abinci, keto ake ce masa. 'Ya'yan tsohuwar nan sun ɗora ta a kai."

"Ta warke?"

"Ban ce ta warke ba. Wasu ranakun dai ta fi."

"Ni ma wasu ranakun na fi, kuma ba wanda ya ɗora ni a kan komai. Faɗi mu ji."

Yelba ta jero. A janye masara da shinkafa da wake da rogo da ayaba da sukari. A bar ƙwai, cuku, fiya, kifi, nama mai kitse, ganye da man kwakwa. Wai ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ba ta iya amfani da sukarin jini yadda ya kamata, to in aka hana jiki gari da zaƙi sai ya koma ƙona kitse, ko ƙwaƙwalwar za ta sami wani abin ci daban.

"Wato dai kin kwashe abincin kin bar masa mahaɗi," in ji Remigia.

Amma washegari ta kai shi wurin likitar unguwa. Likitar ba ta yi mata daɗin baki ba. Ta ce bincike ake yi, ba wanda ya tabbatar, kuma tsoho ba ya jure rama. Ta auna shi ta rubuta a kati: laba ɗari da ashirin da takwas.

"In za ki gwada, ki dawo mini da shi bayan mako uku. In ya ragu, a daina."

Remigia ta kama abin yadda take kama gahawa. Ta kife kaskon tortiya, gurasar masarar da ta yi shekara arba'in da huɗu tana gasa masa safe da yamma. Ta ba da sauran shinkafa da wake. Ita ma ta bar ci, don ba za ta iya tauna abin da ta hana shi a gabansa ba. To a nan garin, mutum ko kaza guda ya cinye, in babu tortiya a gefe, zai dafa ƙirji ya rantse da yunwa ya kwana. Lencho kan dubi ƙwai da fiya da cuku, ya dube ta.

"Baiwar Allah, ina abincin?"

"Ga shi a gabanka, tsoho."

"Wannan ai abin ci da abinci ne."

Ya ɗan tsakura, ya ture farantin. Kullum haka. In ta ga farantinsa ya dawo da rabi, sai nata ma ya ƙi shiga.

Ranar kwana na goma sha tara ya dawo daga rabo, ya zauna a kujera, ya cire takalmi ya ce, "Remigia, ƙafata na ciwo." Tana riƙe da cokali a lokacin. Ta ajiye shi a hankali kamar mai tsoron tada tsuntsu. Bai sake faɗa ba, ko a ranar ko bayanta, amma ta ji da kunnenta. Da mako uku ya cika sai ta ɗauko katin asibiti, ta duba, ta mayar ƙasan akwati. Ta san faranti nawa suka dawo da rabi. In sikeli ya ce ya ragu, likita za ta ce a daina, ita kuwa ba ta shirya ba.

Abin da ba ta sani ba shi ne, da kowace wasiƙa Lencho ke miƙa labari: "Kwana da kwanaki ban ci abinci ba." Labari kuwa ba ya biyan kuɗin mota. Ya hau bas har garin Estelí, ya sauka a kunnen Doña Otilia, yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu kuma har yau ba ta yafe wa Remigia aurensa ba.

Asabar ɗin mako na shida, wajen goma da rabi na safe, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan da katifa shimfiɗe a bayanta. Otilia ta sauko da sandarta, shekara tamanin da biyu amma baki bai tsufa ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Katifar ta wace ce?"

"Ta wanda kike kashewa da yunwa. Ina ƙanena?"

"Ya fita rabo."

"Yawon bara dai. Haɗo masa kayansa."

Remigia ta san gidan Otilia: bene ne a bakin titin manyan motoci, ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Babu layin da ƙafafunsa suka sani. Ko a kulle shi ya yi ta jijjiga ƙofa ƙarfe tara, ko ya fita ya ɓace.

"Likita ta san da maganar abincin nan, Yaya."

"Wace likita ce ta ce a hana ɗan Adam masara? Ta fito in gan ta."

Ana cikin haka Lencho ya shigo. Otilia ta yi shekara guda ba ta gan shi ba, kuma ciwon ya zaftare shi tun kafin maganar abinci ta taso. Ta ga wuyan riga ya yi masa yawa, ta ga kumatu sun faɗa.

"Lencho, ka ci abinci yau?"

Ya cire hula cikin girmamawa. "Ranki ya daɗe, rabona da abinci har na manta."

Matan layi sun riga sun taru a bakin ƙofa, kowacce da uzurinta, wata ma da tsintsiya a hannu tana sharar ƙofar da ba tata ba. Otilia ta ɗaga murya don su ji. Ta ce ko Remigia ta bari ta tafi da shi cikin mutunci, ko ta kai maganar gaban hukuma, su zo su gani da idonsu.

Remigia ta shiga ɗaki. Ta daɗe a gaban akwatin kafin ta ɗauko katin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Ga abin da ya auna ranar da muka fara. Akwai sikeli a rumfar masu sayen gahawa a ƙarshen layi."

Otilia ta nisanta katin daga idonta ta karanta. "Ɗari da ashirin da takwas. To ku zama shaida. In ya ragu ko da laba ɗaya, motar nan zai hau."

"In bai ragu ba fa?"

"Sai motar ta koma yadda ta zo. Amma kin san ya ragu, ga shi nan a fuskarki."

Gaskiya ta faɗa, yana nan a fuskarta. Suka kama hanya, Lencho a gaba da jakarsa, mata biyu a bayansa, sauran layi a bayansu kamar masu rakiyar gawa. Remigia na tafe tana lissafin abin da za ta sa masa a akwati, da yadda za ta gaya wa Otilia cewa ba ya yarda a yi masa aski sai an ba shi madubi ya riƙe. Chilo ta matso kusa da ita, ta buɗe baki, ta rufe.

Mai rumfar ya sauke buhun da ke kan sikelin. Lencho ya hau ba gardama, ya tsaya ƙyam. Mutumin ya tura ƙarfen awo, ya ƙara turawa, ya sunkuya.

"Ɗari da talatin da bakwai."

Remigia ta ɗauka kunnenta ne.

"Jakar ce," in ji Otilia. "Wa ya san ko duwatsu kika zuba masa? A cire."

Ta kai hannu, Lencho ya rungume jakar a ƙirji, idonsa ya sauya. "Kayan mutane ne. Ba a taɓawa." Ya soma ja da baya zai sauka, numfashinsa na fita da sauri. Remigia ta san abin da ke biyo bayan wannan numfashin: ihu, sannan gudu. In ya yi haka a gaban Otilia, ba sikelin da zai cece ta.

Ta gyara tsayuwa ta ɗaure fuska. "Florencio. An tashi aiki. Kawo jaka a buga hatimi."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Sannan ya zare madaurin daga wuyansa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ɗari da talatin da biyar," in ji mai rumfar.

Jakar na da ɗumi a hannunta. Ta taɓa aljihun ciki, wanda ba ta taɓa buɗewa ba don a babban baki take zuba takardu. Ta zuge shi. Tortiya ce a naɗe cikin tsumma mai jan baki, da wata a cikin ganyen ayaba, da ƙullin shinkafa da wake a leda, da guntun soyayyar ayaba. Ta ɗaga tsumman sama. Duk layin nan ba wanda bai san tsumman Chilo ba.

"Biyu kacal nake ba shi, aminiya," in ji Chilo, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka ni kaɗai ce."

"Ni kunun masara ne kawai," in ji matar mai gyaran keke. "Kunu ai ba abinci ba ne."

"Ni ranar da na yi wake kaɗai."

"Yaushe rabonki da ranar da ba ki yi wake ba?" in ji wata, aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Gida tara cikin goma sha uku ke ciyar da shi a ɓoye. Mako shida Remigia na auna man kwakwa da cokali, tsoho kuwa na yin buki daga ƙofa zuwa ƙofa, ya dawo ya tarar da ƙwai ya rasa inda zai sa shi. Ta ji sanyi a ranta, tsohon bai ragu ba. A bayan sanyin sai wani abu ya biyo. Ashe ba a taɓa gwada tsarin ba ko na yini ɗaya. Sunanta da ya kira, da cikin da ke cike da masara ya kira shi. Ba ta da abin da za ta ƙara yi gobe don ya sake.

Otilia ba ta kallon jakar. Hannun Remigia take kallo, inda zobe ke yawo a yatsa.

"Ke hau."

"Ba ni aka zo aunawa ba, Yaya."

"Hau, ko in ɗora ki. Nauyinki bai kai na buhun da aka sauke ba."

Remigia ba ta hau ba, kuma ba sai ta hau ba. Otilia ta juya ga ƙanenta, muryarta ta yi laushi irin wadda ba a san tana da ita ba.

"Lencho, ni ce Otilia. Za ka bi ni gida?"

Ya yi mata kallon tsaf, ya girgiza kai cikin ba da haƙuri. "Ba ki da wasiƙa yau, ranki ya daɗe. Wataƙila gobe."

Tsohuwar ta tsaya riƙe da sanda da hannu biyu. Direban ya leƙo ya tambaya ko a juya motar.

"Juya ka tafi," in ji ta. "Na yi magana a gaban mutane." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma ni ba inda za ni. Litinin ƙafata ƙafarki har wurin likitar nan, a gaya mata gaskiya, da ta tsoho da ta ɓarayin layinku. Abin da ta ce shi za a yi. Kafin nan ni zan riƙe murhu."

"Murhuna, Yaya?"

"Wadda ta kasa ciyar da kanta ba ta da murhu."

Motar ta tashi babu kowa a bayanta. Remigia ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta kama hannun rigar mijinta suka juya gida.

"Gishiri kaɗan yake ci," ta ce, ba tare da ta waiwaya ba.

"Ni za ki gaya wa? Tun ba ki da haƙori nake dafa masa."