Baba Sallau da Jak ɗin da Ban Zo Karɓa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 16 ga Yuli, 2025, ina cikin wani ƙauye a bayan Yauri ta ƙasar Matameye ina yi wa jarirai allurar rigakafi, aka kira ni a waya aka ce Allah Ya yi wa Baba Sallau mai gyaran babur rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Kafin in iso Matameye an riga an kai shi makwancinsa. Ko sallarsa ban samu ba.

Baba Sallau, mutanen garin nan sun san ka shekara talatin da ɗoriya a ƙarƙashin rumfarka ta bakin hanyar Kance. 'Yan kabu-kabu sun san ka, manoman da ke ɗauko wake daga Ɗan Barto sun san ka. Idan babur ya mace wa baƙo da rana tsaka, ruwan sha kake fara miƙa masa kafin ka tambayi abin da ya lalace. Kowa kuma ya san hannunka na hagu yatsu uku gare shi, tun ranar da wani babur ya zame daga kan tsohon turmin da aka ɗora shi ya faɗo maka, kana saurayi. Wasu za su rubuta alherinka fiye da ni. Ni laifina na zo in faɗa, don ban faɗa maka ba kana da rai.

Bara aka ba ni babban babur a wurin aiki, saboda ƙauyukan da nake zagayawa. Wallahi nauyinsa kamar ɗan bijimi, ga shi ba shi da ƙafar tsakiya, sai ta gefe kawai. Idan ƙaya ta huda taya a daji, ba yadda mutum ɗaya zai ɗaga shi. Na zo neman shawararka a kan jak. Ka ajiye sifana, ka goge hannu, ka ce mini abu uku. Ka ce in auna babur ɗin da kayansa, har da akwatin sanyi na allurai da tanki cike da mai, don ba fanko zan ɗaga a daji ba. Ka ce in nemi mai faffaɗan gindi, domin ƙasarmu rairayi ce, siririn gindi nutsewa yake yi. Na ukun, ka ce kada in yarda da wanda ba shi da sakatar ƙarfe da za ta riƙe nauyi idan man cikin jak ɗin ya sulale.

Na ce to. Na tafi Damagaram, na ga wani ja mai ƙyalli a cikin kwalinsa, an rubuta kilo ɗari biyar ɓaro-ɓaro. Ba sakata, gindin bai fi tafin hannu ba. Amma ni mai karatun boko ne, na karanta da idona, me kuma ya rage? Na saya na kawo maka ina taƙama.

Ka juya shi a hannu ka ce, "Likita, rubutun a jikin kwali yake. Bari mu tambayi ƙarfen."

Wannan ita ce al'adarka da kowa ya sani: ba ka sa hannu a ƙarƙashin babur sai jak ya riƙe nauyi tsawon salla guda. Aka ɗora babur ɗina, ka sa aka aza buhun hatsi a mazauni a madadin akwatina, ka ja layi da gawayi a jikin ƙarfen, muka tafi sallar azahar. Da muka dawo, layin ya shige ciki, babur ya sauka da faɗin yatsa biyu, ya karkata. 'Yan kabu-kabu da ke zaune a benci suka fashe da dariya, ɗaya ya ce jak ɗin Likita ma sujada ya tafi yi.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Kunya ta kama ni, sai ta juye fushi. A gaban jama'a na dube ka na ce, "Wanda ya san jak haka, ina yatsunsa biyu suka tafi?"

Ka dubi hannunka, ka dube ni, ka ce, "Ai su nake ƙoƙarin kada naka su bi, Yunus."

Na kwashe jak ɗina na tafi. Wata bakwai ban sake tsayawa a rumfarka ba. Kullum ta gabanta nake wucewa, sai in ƙara wuta in kau da kai, kamar wanda aka yi wa laifi.

Farkon daminar nan, a hanyar Ɗan Barto, tayar baya ta sace. Na ɗaga babur da jak ɗina, na kwance taya. Ban san abin da ya sa ba, kafin in sa hannu na jawo wani kututture na tura a ƙarƙashin injin, kamar yadda na sha ganin kana yi. Ina tsakiyar daidaita sarƙa na ji abin ya yi ƙasa gaba ɗaya, tim! Ƙarfen ya sauka a kan kututturen, hannuna na dama yana ƙasa da shi, ko ƙwarzane babu. Da wannan hannun nake riƙe sirinji, da shi nake ciyar da gidana. Na zauna a ƙasa, sunanka kawai nake kira.

Ranar na yi niyyar in zo in durƙusa a gabanka. Na ce gobe. Goben ta zo aiki ya yi yawa, na ce Juma'a. Gaskiyar ita ce nauyin bakina nake ji, ina tunanin 'yan bencin nan da za su ga Likita yana neman gafara. Kaico! Sati uku ina jan ƙafa a kan tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, aka ce mai ɗakinka Inna Indo tana kirana. Na shiga na tsuguna ina sunkuye. Ta sa aka jawo wani abu daga bayan randa, naɗe da buhu. Jak ne, ba fenti ba ƙyalli, mai faffaɗan gindi. An yi masa waldar wani faranti a ƙasa, ga sakata da aka ɗaure da 'yar sarƙa don kada ta ɓace a daji. A jikinsa akwai layin gawayi, bai motsa ba.

Ta ce, "Yunus, naka ne. Tun kafin azumi ya samo shi, kwana uku yana gwada shi da buhu biyu. Na ce ya aika maka, ya ce a'a, kada ka ɗauka gori ne, ranar da fushinka ya sauka za ka zo da ƙafarka. Ya san ƙarar babur ɗinka. Kullum ka wuce sai ya ɗaga kai."

Na yi kuka a gabanta, ban ji kunyar kowa ba. Na roƙe ta gafara a madadinka, ta ce ai tun ranar ka yafe, ka hana a sake tayar da maganar a rumfa. Na yarda da ita. Amma da bakinka na so in ji, kuma ni na hana kaina.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Sallau, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Yadda ka tsare hannuwan bayinsa, Allah Ya tsare ka daga wuta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Indo, da 'ya'yanka Abdurrazak da Najaha, da dukkan masu gyaran babur na Matameye. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani. Jak ɗin yana ɗaure a bayan babur ɗina, ban goge layin gawayin ba. Yanzu kullum na zo rumfarka sai in rage wuta in tsaya, in yi sallama, in yi maka addu'a.