Loma Uku a Kwanon 'Yan'uwa

A gidanmu na unguwar Choggu, maigidana da ƙannensa biyu a kwano ɗaya suke cin tuwo tun suna yara. Shi ne babba. Shi ke fara sa hannu, in ya tsame kuma an gama, kowa sai ya tashi.

Ciwon laka ya fara kama ƙafafunsa, daga baya ya kai ga ciki. Abin da ya ci da safe yana nan kwance a tumbi har la'asar, sai ya dawo da shi. Ni kuwa ina ta ƙara masa, don a wurinmu da ci ake jinya. Kunya ta hana shi fitowa tsakar gida. Ƙannensa suka koma kowa da ɗan kwanonsa.

Likitan da ya duba shi mutumin kudu ne, Hausar kasuwa yake ji. Ya ce mini, "Hajiya, jijiya ba ya gaya ma ciki ya tura abinci. Za mu buɗe ƙofa na ƙasa kaɗan. Ƙafa ba zai dawo ba, ban ɓoye maki."

Na ce ni ban je Makka ba.

Ya ce, "To, za ki je."

Aka yi aikin, aka faɗaɗa bakin tumbin. Da koko maigidana ya fara, cokali-cokali, kuma kokon ya zauna masa a ciki.

Ranar da ya ce a tura shi tsakar gida a keken guragu, na tuƙa tuwo mai laushi da miyar ayoyo. Loma uku cikinsa ke ɗauka. Ya ci biyu, ya riƙe ta ukun yana murzawa, hannunsa a bakin kwano, don kada ƙannensa su tashi da yunwa.

Ƙaramin ya ce, "Yaya, lomar nan tallanta kake yi ne?"

"Ci naka, sarkin haɗama. Ina lura da naman da ka ɓoye."

Haka suka yi damina biyu. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, Allah Ya jiƙansa.

Da na fita takaba na koma asibitin. Likitan yana ɗakin tiyata, ban tsaya jira ba. Na roƙi wata nas ta gaya masa cewa mutumin nan da ya yi wa aikin tumbi ya ci tuwo da 'yan'uwansa har makonsa na ƙarshe, kuma matarsa ta gode.