Kayen Japan ya raba ni da kokowa

A shekarun da nake ba da labarinsu, ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ɗan kokowar da garin Gure ke taƙama da shi. Kawuna, tsohon ɗan kokowa, shi ke horar da ni, kuma burinmu ɗaya ne: a zaɓe ni cikin waɗanda za su wakilci jihar Damagaram a gasar kokowa ta ƙasa. Ina da ƙarfi, amma gaskiya ina da rawar kai da son a tafa mini.

Wani abokina mai cajin waya a kasuwa ya zuba mini bidiyoyin wani ɗan kokowar Japan, tun yana sabon shiga ana jibgarsa har ya zama zakara. Na kamu da son mutumin nan ba kaɗan ba. Yana da wani kaye da ya tafi da hankalina: sai ya rungumo mutum ta baya, ya ɗaga shi, ya gantsare har kansa ya dafa ƙasa, ya maka shi ta bayansa. Na nuna wa kawu. Ya kalla ya taɓe baki, ya ce wannan ai wasan kwaikwayo ne, in tsaya kan abin da aka koya mini. A raina na ce tsufa ne ya hana shi gane sabon abu. Na ci gaba da gwadawa a ɓoye da buhun gero.

Ranar zaɓe aka haɗa ni da wani makiyayi daga Gidigir. Ban sha wuya ba na samu bayansa, na ɗaga shi sama. Da na dire shi a gefe kawai, da an gama. Amma na ji kiɗa da ihun mutane, sai na gantsare. Buhu ba ya turjewa, mutum kuwa yana yi. Ya sake mini nauyinsa duka, kaina ya daki ƙasa, na ji wani abu ya ce ƙas a wuyana. Ina kwance ina kallo alƙali ya ɗaga hannun makiyayin, domin a dokarmu wanda kansa ya fara taɓa ƙasa shi aka kayar. Wallahi ko sau ɗaya ban tuna da wannan ba. Makiyayin nan, Allah ya saka masa, shi ya cicciɓe ni zuwa mota yana ta ba ni haƙuri.

Na yi watanni a kwance, kawu na juya ni, bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. A asibitin Damagaram wani likita ya bayyana mini cewa 'yan kokowar Japan sai sun yi shekaru suna koyon faɗuwa da ƙarfafa wuya, a kan katako mai shimfiɗa suke yi, kuma wanda za a kayar ɗin, shi da kansa yake tuma ya taimaka. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Ban ji haushin Bajapanen ba, sana'arsa yake yi, kuma ya iya. Ni ne na ɗauko kaye na baro dokarsa da shirinsa a can. Samari masu kwaikwayon abin da kuke gani a waya, ku tambayi abin da ba a nuna muku ba, ku kuma saurari manyanku. Yau hannuna na dama ko tulun ruwa ba ya ɗauka, kuma idan na ji kiɗan kokowa sai in canza hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk tsawon kokowata ba wanda ya taɓa kayar da ni sai ni kaina.