Rakiyar da ta Kai Kumasi

A gidanmu na Tsibiri, idan sanyi ya shigo, ba a kashe murhun Kaka Tsahara bayan tuwo. Sai ta ƙara kara, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna miƙa tafin ƙafa. Ita ta haifi babanmu. 'Yar gajeruwa ce, ga baki, ga dariyar da sai ta dafa ƙasa. Tatsuniyar gizo tana da ita buhu-buhu, amma ni ba ita nake jira ba. Ranar da nake jira ita ce wadda za ta zuba wa wuta ido ta ce, "Yau babu gizo. Wagga tawa ce, da ƙafata na taka ta." Daga jin haka mun san Kumasi muka nufa.

Ƙanwarta Rabi ce mijinta ya aiko ta je ta same shi a can, inda yake fataucin goro. Rabi na da cikin wata bakwai, kuma sau biyu tana haihuwa babu rai. Kaka ta ɗaukar mata ƙunshi ta raka ta Maraɗi, wurin babbar motar albasa. Da mota ta tashi sai Rabi ta riƙe mata bakin zane ta fashe da kuka. Kaka ta ce bari ta hau ta ɗan taka mata zuwa bakin gari. A bakin gari hannun bai saki ba. Sai Kaka ta hango wani ɗan Tsibiri a kan jaki, ta ƙwala masa kira ya gaya wa mutanen gida ta tafi rakiya.

"Rakiya fa na tahi, wallahi rakiya!" in ji ta. "Da zane guda da silifa. Kwana huɗu ina warin albasa."

Suka tarar mijin ya shiga daji sayen goro, ba a san ranar dawowarsa ba. Ɗakin da ya kama yana nesa da unguwar Hausawa, a gidan wata Ba'ashantiya da ake kira Mame. Babu mai jin Hausa a gidan. Kuma duk unguwar, in naƙuda ta tashi, Mame ake kira.

Kwana uku da saukarsu, da safe, sai ga ganguna a tsakar gida. An kafa rumfa, mata sun sha ja da baƙi suna rawa, ana ta sauke tukwane. Kaka ta ce a ranta, ashe biki ake a gidan, kuma baƙon kirki ba ya zama a ɗaki ranar farin cikin masu gida. Ta ari zanen Rabi mai fulawa, ta kashe ɗauri, ta kutsa tsakiyar fili, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta Gobir, har sau uku. Sai da ta buɗe ido ta ga gadon da aka ƙawata a ƙarƙashin rumfa. Tsohuwa ce kwance, an yi mata ado, ba ta numfashi. Uwar Mame ce.

Nan mukan kwashe da dariya har gyaɗa ta ƙone. Kaka ta bar mu mu gama, sannan ta ce, "Ku yi ta dariya, 'yan banza. Ni ran nan da ƙasa ta tsage da na shige."

Daga ran nan Mame ta daina amsa gaisuwarta. Wani Bahaushe mai tsire a bakin titi ya ba ta shawara ta kwashe ƙanwarta su bar gidan. To su je ina, da ciki ya sauko, ba su san kowa ba? "Kunya ta ce in gudu," haka take faɗi, "cikin Rabi ya ce in zamna."

Sai ta zauna ta buɗe ido. Ta lura in mutanen garin sun shiga taro daga dama suke fara miƙa hannu, su bi layi har hagu. Ta lura ranar cika mako za a sake taruwa. Ta samo baƙin zane wajen matar mai tsire. Ranar ta fito babu ɗan kunne, ta bi layi daga dama, ta durƙusa gaban Mame. Mame ta miƙo hannu tana kallon wani wuri.

Da rana aka zo dakan fufu, sakwararsu ta rogo da ayaba, ga baƙi cike da gida, yarinyar da ke daka ta gaji. Kaka ta karɓi taɓarya. A daka dai babu wadda ta kama ƙafarta a Tsibiri, tana cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe. Amma nasu dakan daban ne. Mutum biyu ke yi: ɗaya na daka a tsaye, ɗaya na zaune tana sa hannu cikin turmi tana juyawa tsakanin bugu da bugu. Matan suka ja baya, babu mai son kai yatsunta ƙarƙashin taɓaryar wadda ta yi guɗa a kan gawa. Kaka na tsaye ita kaɗai, gumi na keto mata. Can sai Mame ta tashi daga cikin masu makoki, ta jawo kujera, ta jiƙa hannu, ta sa shi cikin turmi, ta ɗago kai ta dube ta.

A nan muryar Kaka takan yi ƙasa. "Ban cilla ba, ban tafa ba. Hannunta kaɗai nake kallo. In ya fita in sauke, in ya shiga in tsaya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa daka a hankali kamar ran nan ba."

Bayan mako biyar, ranar wata Talata da hantsi, naƙuda ta kama Rabi, kuma da ƙafa jaririyar ta fara zuwa. Kafin Kaka ta kai ƙofar Mame, Mame ta fito da ƙwaryar ruwa. Ba su da kalma guda ta haɗin baki. Mame ta nuna, Kaka ta riƙe; Mame ta ɗaga hannu, Kaka ta ce wa Rabi ta dakata da nishi. Da jaririya ta tsala kuka, Kaka ta toshe bakinta da hannu biyu, don guɗa ta taso mata tana tsoro. Mame ta cire mata hannun, ta yi mata alama ta yi.

Jaririyar ita ce Gwaggo Abena, wadda ke noman zogale a Jiratawa. Sunanta na yanka Hauwa, amma wanda Mame ta sa mata, na 'yar Talata, shi ya bi ta. Wata bakwai Kaka ta yi kafin ta dawo daga rakiya. Takan rufe da cewa, "Ta ƙare, ku tashi, kun cinye mini gyaɗa."

Da ina yarinya Kaka kaɗai nake gani a labarin, kuma har gobe ban ga mace mai zuciyarta ba. Yanzu ni ungozoma ce a Maraɗi. Bara aka kawo mini wata 'yar Togo mai kitso tana naƙuda, a kan babur ɗin kabu-kabu, ba Hausa, Faransancin ma kaɗan. Ta shigo a gigice ta taka mini dardumar salla da takalmi, ina kai. Raina ya ɓaci sosai, har na buɗe baki. Sai na ga ƙanwarta a bayanta riƙe da ƙunshi, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Ban san sa'ar da Mame ta faɗo mini a rai ba, matar da ban taɓa gani ba, uwarta kwana bakwai da rasuwa, tana jiƙa hannu. Na naɗe darduma, na wanke hannuna, na ce su shigo.