Amsar da Tsohon Ya Ba Baffa da Fillanci

Shekarar da na nemi auren matata ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kazaure, ita kuma tana karatun aikin jinya. Danginta Fulani ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye kusa da Roni, suna noma suna kiwo. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka maganar aurenta tana hannun kakanta, wani tsoho dogo da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya je nema mini. Ya fita da safe a kan babur da goro a leda, bai dawo ba sai bayan la'asar. Tun a zaure na tare shi. Ya ce an karɓe shi da mutunci, an kawo masa fura da nono, an yi ta hira da Hausa har ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sai tsohon ya dubi ƙasa, ya faɗi wata gajeriyar magana da Fillanci, mutanen da ke zaune suka gyaɗa kai. Goron kuma an karɓa, amma ba a raba a gabansa ba.

Na ce, "To Baffa, an ba mu ne ko an hana mu?"

Ya ce, "Karin magana ya yi, ɗana, ni kuwa ba na jin Fillanci. Na ji nauyin cewa a fassara mini."

Na roƙe shi ya maimaita yadda kunnensa ya ji, na rubuta a bayan takardar darasi. Da na karanta wa yarinyar a waya, ta ce wannan ba Fillancin da ta sani ba ne, Baffa ya dagula shi. Kalma ɗaya kawai ta tsinta a ciki, igiya. Ta kuma ce ko kusa ba za ta iya tambayar kakanta zancen aurenta ba.

Daga nan na shiga tambayar mutane, abin da ya fi komai wahalar da ni. Wani malami Babarbare da muke aiki tare ya ce a wajensu dattijo ba ya cewa a'a kai tsaye, sai ya naɗe ta cikin karin magana don baƙo ya koma gida da mutuncinsa. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Ran kasuwar Babura na raka wani abokina sayen tunkiya, muka zauna wajen wani Buzu mai shayi, mutumin Nijar. Shi kuma ya ce a wajensu idan babba ya amsa maka da harshensa, to ya ɗauke ka ɗan gida. Na dawo da ɗan sanyi a zuciya, amma washegari Bayaraben da ke gyara mini babur ya rushe shi. Ya ce a garinsu idan dattijo ya yi maka karin magana sai ka mayar masa da wata, shirun da Baffa ya yi ana iya ɗaukarsa raini ne.

Kwana tara na yi a haka. Nakan tsaya gaban allo da alli a hannu in manta abin da zan rubuta, har yara su fara surutu. Duk ƙarar waya sai in yi sauri in duba. Innata ta gaji da ganina, ta ce in bar yawo da maganar mutane a kasuwa, in je wajen mai ita.

Ran Asabar na tafi. Na tarar da tsohon a gindin bishiya yana ɓare gyaɗa. Na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan na ce, "Baba, a gafarce ni. Maganar da aka faɗa wa Baffana ba mu gane ta ba."

Ya ɗago da mamaki. Ashe shi ya ɗauka Baffa ya fahimta, tunda ya ga ya gyaɗa kai tare da kowa. Ya ce yarinyar tana da wani baffa, yayan mahaifinta, wanda ya tafi da shanu cikin Nijar, ba zai dawo ba sai an gama girbi.

Ya ce, "Ni ban ƙi ka ba. Amma ba ni kaɗai nake da ita ba, abin da karin maganar igiyar ke nufi ke nan."

Na tambaya a hankali ko mutumin yana da sauƙin kai. Tsohon ya ce mutum ne mai ra'ayinsa, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Haka na ƙara jiran wata biyu, kullum ina duba gonakin gefen hanya in ga ko gero ya nuna. Da mutumin ya dawo ya aiko a kira ni. Abu biyu kawai ya tambaye ni: ko zan bar ta ta gama karatunta, da kuma ko mahaifiyata tana da rai. Na amsa masa duka. Ya juya ya yi magana da tsohon da Fillanci, a wannan karon na roƙi a faɗa mini da Hausa. Suka ce in gaya wa Baffa ya dawo ran Juma'a.