Gida Uku da Yaya Sale Yake Gaisarwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sale, mai gyaran wuta a Kafin Maiyaƙi, kuma ban taɓa jin rashinsa ya hana ni sakat kamar a daminar bana ba. Dalili shi ne injin niƙan da ya bari, wanda da shi Anti Rabi, matarsa, take riƙe da marayunsa.

Injin na wuta mai layi uku ne. Bayan wata iska da aka yi, sai ya daina tashi. In an kunna, ya yi ta gurnani, jikinsa ya ɗau zafi, amma ko juyawa ba ya yi. Ƙanenmu Habu, wanda komai nasa na gaggawa ne, ya yanke hukunci cewa inji ya ƙone, har ya yi magana da 'yan gwangwan su zo ranar kasuwa su kwashe. Ni ina Tudun Wada labarin ya same ni. Na kasa zaune na kasa tsaye. In aka sayar da injin nan, me Rabi za ta ɗora a murhu?

Sai na tuna wata ɗabi'ar Yaya da muka sha yi wa dariya. In aka kira shi gyara a unguwarsu, ba ya zuwa wurin inji kai tsaye. Sai ya fara da gidan Liman, ya gangara shagon Isa tela, sannan ya leƙa gidan Baba Hansai ungozoma. Ko'ina sai ya tambayi lafiya, ya tambayi iyali, a ƙarshe ya ce, "Ya fitilarku jiya?" Mai inji yana can yana cizon yatsa. Har suna muka sa masa, Sarkin Gaisuwa.

Ranar da na tsokane shi ya yi mini bayani. Gidajen nan uku kowanne a kan layinsa yake. In biyu suna da wuta ɗaya ba shi da ita, to ba laifin inji ba ne, ƙafa ɗaya aka cire masa. "Murhu da dutse biyu ba ya riƙe tukunya," in ji shi. Sai bayan nan yake ɗauko mitarsa ya auna wayoyin biyu-biyu. Abin da ya fi tsana shi ne a bar jaki a riƙa dukan taiki.

Na yi ta tunanin me zai ce da ya ga garin yau. Kusan kowane rufi da faifan sola. A ɗauke wuta ko a kawo, fitila tana ci, mai gida bai ma san wane layi yake kai ba. Ba na ƙin ci gaba, ni ma ina da sola a ɗakina. Amma ina zargin da Yaya ya rasa wanda zai tambaya, kuma ina jin wannan zai fi damunsa.

Duk da haka na hau babur na tafi. Gidan Liman suka ce suna da wuta, firjinsu yana aiki. Ɗan Isa tela, wanda ya gaji shagon, sai da ya je ya duba kafin ya ce akwai. Na ƙarasa gidan Baba Hansai, na same ta zaune a bakin ƙofa, ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, muka taɓa hira, sannan na ce, "Baba, ya fitilarki jiya?"

Ta ce, "Tun iskar nan ba ta kama ba, 'yar nan. Na ɗauka ƙwan ne ya mutu." Ta gyara mayafinta. "Wannan tambayar Sale ce. Tun da ya tafi ba wanda ya sake yi mini ita."

Na kira wani mai gyara daga Kiru. Ya auna, ya tarar layi ɗaya a mace yake, fis ɗinsa ya tsinke a taransifoma. Da masu wuta suka gyara, inji ya tashi lafiya lau. Habu ya sallami 'yan gwangwan yana sosa ƙeya, Rabi ta yi kuka ta yi godiya ga Allah.

Ya kamata hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba. Matar da ta yanke cibiyar rabin unguwar nan, har da 'ya'yan Yaya, ta yi makonni cikin duhu a tsakiyar gidaje masu haske, kuma sai da inji ya tsaya aka sani. Da muna cewa Yaya wayoyi yake bi gida-gida. Yanzu ina ganin ya fake da wayoyin ne kawai, don ya san zumunta a ƙafa take.

Mitarsa ta lalace tuni, filayarsa ban san hannun wa ta faɗa ba. Tambayar ce ta rage. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya haskaka kabarinsa. Ni dai Juma'a mai zuwa zan koma Kafin Maiyaƙi, ba don inji ba, kuma da gida na uku zan fara.