Wanda Ya Jera Sunan Gwamna a Gidan Wanka

A garinmu Garasa ba wanda bai san Zobedos mai daɓen duwatsu ba. Shekara talatin yana jera 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu launi, kuma duk ginin da hukuma ta gyara, shi ke shimfiɗa rubutun Girkanci a bakin ƙofa: an yi a zamanin wane, shekara kaza. Mutum ne mai faɗa. Da ya manyanta sai ya hana kowa leƙa aikinsa. Yakan kewaye wurin da tabarmi, matarsa Domna kaɗai ke shiga, wai ta kai masa gurasa da zaitun.

Shekarar da aka gyara rumfar gidan wanka, ina sayar da man shafawa a bakin wurin, don haka a idona aka yi. Ran buɗewa gwamna Arkelawos ya zo, aka yaye tabarmi. Ya karanta, ya ɓata rai. Ashe magatakardansa ya tsallake kalma ɗaya cikin kirarinsa tun a takardar da aka ba Zobedos.

"Baba, gyara mini yanzu, ina tsaye," in ji gwamna.

Zobedos ya durƙusa. Ya shafa daɓen da tafin hannu, ya ɗaga guduma, ya rotsa kan hoton wani tsuntsu da ke can gefen daɓen, nesa da rubutun. Ya laluba kwando ya ɗebo jajayen duwatsu, alhali rubutun baƙi ne.

Ni kam tulun da ke hannuna ya suɓuce ban sani ba.

"Jama'a, mutumin nan ba ya gani!" in ji wani mahauci.

Sai ga Domna ta ratso taro. Ta karɓe gudumar, ta zaunar da mijinta a inuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "yau shekara shida ke nan ba ya gani."

"Shida?" in ji shugaban magina. "To, wa ya yi na kasuwa? Na majami'a fa?"

"Kai da ka tsaya kana yabonsu, ba ka tambaya ba sai yau?"

Ba ta iya karatu ba, Girkancin ma kaɗan take ji. Ta ce a zana mata kalmar a ƙasa. Ta ɓamɓare layi biyu, ta matse baƙaƙen har kalmar ta shiga, ta mayar wa tsuntsun kansa. Muna tsaye baki buɗe har rana ta karkata. Zobedos bai ɗago kai ba.

Magina sun kai ƙara cewa an yaudari gari, gwamna ya yi kamar bai ji ba. Aka ci gaba da ba da aiki da sunan Zobedos, Domna na yi, har ya rasu bayan shekara biyu. Daga ranar ba wanda ya ƙara nemanta. Ta sayar da gudumar, ta koma ƙauye wajen 'yarta, tana shanya ɓaure.